Tamu, Mai Koya Wa 'Yan Kokawa Faɗuwa

Har yau in ka zauna a rumfar mahauta a Maiyama ka ambaci Tamu na Birnin Malam, sai wani mai baƙin baki ya kwashe da dariya ya ce, "Wa? Wanda ya kai mutum bakwai Jega, shida suka sha ƙasa?" Yaran da ko cikinsu ba a yi ba a lokacin, su ma sun iya faɗa. Tir da wannan baki! Ni Surajo makaɗi, ni na bi Tamu da ganga shekara goma sha huɗu, ina wurin ranar da aka yi abin, kuma da hannuna a ciki dumu-dumu. Ya sa na rantse ba zan buɗe baki ba muddin yana numfashi. To, Juma'ar da ta wuce muka rufe shi a Kimba. Rantsuwa ta sauka daga wuyana, sunansa da aka zubar a ƙasa shekara ashirin da biyu yau zan ɗauko shi, wanda zai ji haushi ya ji.

Tamu ba wani ƙato ba ne. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kafaɗarsa ta hagu a sauke tun ranar da wani Bagobiri ya maka shi a kan saiwar marke yana saurayi. Daga ranar kokawa ta ƙare masa. Da wani ne, da ya koma gona ya riƙa ba yara labarin dā, amma shi sai ya koma bakin fage ya tsuguna yana kallo. Kowa na kallon ƙirji da damtse, shi ƙafa yake kallo. In ya dubi yadda mutum ke dasa diddige, zai gaya maka wanda zai faɗi tun ba a kama juna ba, kuma da wuya ya kuskure.

Shekarar da Turawa suka shigo ƙasar nan ya fara koyarwa, kuma yana da wata irin ɗabi'a da ta sa ake ce masa bai da wayo. Ba ya zuwa inda akwai zakaru. Inda kokawa ta mutu yake nema, garin da samarinsa in kaka ta yi sai su ɓuya bayan rumbu don kada a kira su fage. Nan zai sauke jakarsa.

Ga yadda yake yi. Wata na farko ba kama, ba taɗiya, ba komai. Zai kwashi samari ya kai su yashin gulbi ya ce su faɗi. Ta baya, ta gefe, ta gwiwa, ta kafaɗa, tun safe har rana ta yi zafi. Iyaye su taru a gaɓa suna zagi, wai an kawo musu mai koya wa 'ya'yansu abin da suka riga suka ƙware a kai. Ko a jikinsa. Abin da yake gaya wa samarin ke nan: "In kana tsoron ƙasa ƙafarka tauri za ta yi, ni kuwa ba ni aiki da ƙafa mai tauri." Sai mutum ya iya faɗuwa iri goma sha biyu ba tare da ko gurɗewa ba, sannan ya tura shi fadama jan jigo, ya yi ta ɗebo ruwa yana ba albasar mutane kyauta har bayansa ya yi ƙwari. Kokawar kanta sai a wata na huɗu.

A Jega ya fara, da samarin unguwar bakin gulbi, waɗanda ko tsofaffin mata sun raina su. Wani attajirin goro mai suna Lawali shi ya ɗauki nauyin cinsu. Kaka biyu, wallahi kaka biyu kacal, samarin nan suka zama abin tsoro daga Dangamaji har Kimba.

A nan sai na faɗi wata al'ada tamu, don duk labarin a kanta yake. In ɗan kokawa ya kayar da zakaran wani gari a babban fage, makaɗi yakan juya ganga ya buga taken maigidansa, wato wanda ya koya masa, shi kuwa maigidan ya zagaya fage hannu a sama. Ba riga, ba doki, iyakar ladan mai koyarwa ke nan a duniya. Ni na tsara wa Tamu take da kaina, mai daɗi, wanda in na gwada shi a bayan gari har mata masu surfe sukan tsaya. Abu ɗaya Tamu ya taɓa so wa kansa: a buga masa taken nan sau ɗaya a fagen Jega.

Saura kwana tara babban wasa, Lawali ya kira shi zaure ya miƙa masa goro ya ce an gode, daga yau ƙanensa ne maigidan yaran. Ƙanen nan ko ɗan akuya bai taɓa kayarwa ba! Ranar wasa Gambo, babban yaron Tamu, ya ɗaga zakaran Dangamaji ya dasa, wani makaɗi ya buga take, ƙanen Lawali ya zagaya fage yana jan tumbi. Ni na so in fasa gangar a kan wani. Tamu ya riƙe min hannu ya ce, "Taso mu tafi, an ce na Aliero sun lalace."

Aliero shekara huɗu muka yi. Can ma yashi, can ma jigo, can ma zagi a wata na farko. Da samari suka fara ɗaga mutane, sai dattawa suka tuna ashe suna da ɗan gari wanda ya fi cancanta. Aka ɗora mana buhun albasa a kan jaki aka raka mu bakin hanya da addu'a. Kai, mutane! Na yi ta masifa har muka kai rabin hanya, shi kuwa yana tafe yana duban ƙafafun jakin.

Muka yi 'yan shekaru muna yawo ƙauye-ƙauye, sannan yayarsa Gudiya ta aiko. Tana aure a wata 'yar tunga kusa da Maiyama, Tungar Yari, gida bai fi arba'in ba, rabi manoma rabi masu shanu. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya, Magaji. Ta ce ya zo ya mai da mata shi namiji, don a kasuwar Maiyama in an ce Tungar Yari sai a tambaya ko akwai maza a can.

Shekara uku ya yi a kan samarin tungar. Ya fitar da mutum bakwai, kuma ban taɓa ganin bakwai irinsu ba. Magaji shi ne kansu: dogo, mai sanyin magana, amma in ya kafe kan abu ko uwarsa sai ta haƙura. Tamu yana sonsa har ba ya iya yaba masa. In ya yi kaye mai kyau sai ya ce, "Diddigenka ya tashi," ya juya baya yana murmushi.

A shekara ta uku ana cikin yaƙin Turawa da Jamus. Mu dai ji muke yi, an ce ana ɗibar mutane dako, su ɗauki akwatuna a kai su bi soja har wata ƙasa bayan teku, kuma cikin waɗanda aka ɗiba ba mu ga wanda ya dawo ya ba da labari ba. Sai ga shela bayan kaka: Lawali ya shirya wasan kwana biyu a Jega, kowane ƙauye ya kawo nasa su kara da yaransa, wani Bature zai zo kallo. Tungar Yari kamar a yi hauka don murna. Ni kaina na sake wa ganga fata, na ce wannan karon ko sama da ƙasa za su haɗu sai na buga taken nan.

Ranar farko ta wasu ƙauyuka ce, mu sai washegari. Ina zaune cikin makaɗa sai tafintan Baturen ya matso kusa da ni, da jar hula da takalma masu ƙara, da takarda a hannu. Ya ba ni goro fari. Duk wanda ya yi kaye muka wasa shi, sai ya sunkuyo ya ce, "Makaɗi, wancan ɗan wane ne? Ina garinsu?" Wai Bature zai yi wa gwanaye kyauta. To ka san aikinmu: makaɗi ba ya wasa mutum sai ya kira ubansa da kakansa da garinsu da irin damin da yake ɗauka. Abin da muke taƙama da shi ke nan. Ni da bakin nan nawa, Allah ya isa tsakanina da shi, har na ƙara masa da abin da bai tambaya ba. Na ce ai bai ga komai ba, ya jira gobe, na lissafa masa bakwai ɗinmu ɗaya bayan ɗaya. Na ce Magaji ɗan Gudiya dami uku na gero yake ɗorawa a kai daga gona har gida bai huta ba. Ya rubuta yana gyaɗa kai, ya ce wanda ya yi kaye zai sa wa sunansa alama.

Ranar nan 'yan ƙauye suka yi ta cin yaran Lawali kamar wasa. Fage ya ruɗe da ihu. Tamu kaɗai ne bai yi ihu ba.

Da asuba, bayan mun sallame salla, Tamu ya kira mu bakin gulbi, ni da su bakwai. Fuskarsa ba daɗi.

"Yaran Lawali ni na koya musu," in ji shi. "Jiya ba kayar da su anka yi ba. Faɗuwar da sunka yi tawa ce, na san ta kamar tafin hannuna. Wancan na uku ta gefe ya faɗi, irin ta wata na farko, tun ba a taɓa mishi ƙafa ba."

Ya ci gaba:

"Kuma wanga mai jar hula ba kallon kokawa ya kawo shi ba. A fagen ga duka mutum biyu ke kallon ƙafa, ni da shi. Ni na san abin da nike nema. Shi kallon mai sayen jaki shike yi. Na zagaya bayan rumfar Bature, akwatuna ne jibge da igiyoyi. An ce wa Lawali ya kawo ƙarfafa don dako, shi kuwa ya kawo ɗiyan mutane don a bar mishi nashi."

Wani ya ce to mu gudu mana. Tamu ya dube ni, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sunayensu da na ubanninsu da na garinsu suna cikin takarda, ni na sa su. Ina za su gudu da ba za a bi su Tungar Yari ba?

"Faɗuwa za ku yi," in ji Tamu. "Su ma faɗuwa sunka zo yi, don haka ku riga su. Kowa ya zaɓi tashi cikin goma sha biyu, ya yi ta da kyau, kada ta yi kama da ta ɗan'uwanshi. Kuma maganar ga ta mutu a nan. In Bature ya ji an yi mishi wayo, ba ku bakwai za a ɗiba ba, garin za a kwashe."

Shida suka sunkuyar da kai suka rantse, ni ma na rantse. Magaji ya ce, "Kawu, mi kac ce?"

"Ka ji ni."

"Shekara uku ina cin yashi, ina jan jigo, uwata na jiran labari, yau an haɗa ni da Gambo ka ce in kwanta mishi? Kawu, tsoro ne ya kama ka."

Tamu bai yi fushi ba. Ya sake faɗa masa a hankali. Ya ce ko ya kayar da Gambo ba shi ya kayar ba, kyauta ce mai igiya a gindi. Magaji ya ce Gambo ba ya kwanta wa kowa. Da za mu shiga fage Tamu ya kama masa ɗamara ya faɗa masa na uku: "Don darajar nonon da ka sha, Magaji, ka faɗi." Yaron ya zame hannunsa ya wuce.

Abin da aka gani ranar ba kyan gani, ban ɓoye ba. Na farko ya shiga, suka kama, kafin yaron Lawali ya shirya tasa faɗuwar namu ya riga shi ƙasa. Na biyu gwiwa ya dasa. Na uku ya yi kamar santsi ya ɗebe shi. Yaran Lawali suka riƙa tsayawa sororo, an ba su nasarar da ba su nema ba. Mutanen Tungar Yari da suka yi sammako a ƙafa don su ga ranar girmansu suka fara jifa da ɓawon rake. Wata tsohuwa ta ce ai dama faɗuwa ya koya musu, ga ta sun kawo kasuwa. Lawali na zaune gefen Bature yana sharce gumi, tafinta yana soke suna bayan suna. Shida cur.

Sai Magaji. Wallahi yaron ya yi kyau ranar, har yau ina ganinsa. Gambo ya ɗan turje don idon mutane, suka zagaya sau biyu, sannan ya saki ƙugu ya tafi ta baya, irin ta bakwai cikin goma sha biyu. Ni ma da ba gwani ba na gane ta. Magaji bai gane ba. Ya ɗaga hannu yana juyi yana neman kawunsa da ido.

Fage ya ɗauka: "Take! Taken maigida!" Zakaran Jega ya faɗi, al'ada ce. Ni kuwa na ƙi taɓa ganga. Tafinta ya ɗago kai yana dubana, yana duban Tamu, alamar ya fara tunanin wani abu game da shidan nan. Tamu ya matso ya ce min ƙasa-ƙasa, "Buga, Surajo. In ba ka buga ba, za su gane."

Na buga. Taken da na yi shekara goma sha huɗu ina goyo, ranar na buga shi, sau ɗaya tak a fage. Tamu ya ɗaga hannun dama ya zagaya fagen Jega, kafaɗar hagu a sauke, yana yaƙe haƙora don a ce dariya ce, a daidai lokacin da mai jar hula ke sa wa sunan ɗan yayarsa alama.

Kafin la'asar aka kira gwanaye karɓar kyauta a bayan rumfa. Mutum talatin da ɗaya suka shiga, soja suka tare ƙofa. Tamu ya aika wa wasu gwanayen jiya tun da safe su ɓace, huɗu suka ji, saura suka ce hassada ce. Washegari muka ga wucewarsu a jere, akwati a kai, igiya a ƙugu. Magaji ne na biyar. Ya dubi kawunsa, ya buɗe baki, soja ya tura shi gaba. Ba mu sake jin ɗuriyarsa ba, ko wurin da ya faɗi babu wanda ya zo ya gaya mana.

To ka ji sakayyar da aka yi wa Tamu. A Tungar Yari aka ce Lawali ya saye shi da riga, shi ya sa shida suka faɗi. Aka ce ya bar ɗan yayarsa ya ci don kawai a buga masa take, ya yi rawa a kan ɗan mutane. Gudiya ta fito da jakarsa ta ajiye a ƙofar gida ta ce, "Ka samu abin da kake so, Tamu. An buga maka." Ya sunkuya ya ɗauka.

Babu garin da ya sake kiransa. Ya koma Kimba yana jan jigo a fadamar mutane da kafaɗa ɗaya. Ni ma ganga ta fita raina, na koma saƙar tabarma. Da yaƙi ya ƙare na same shi na ce yanzu ai ba Baturen da zai waiwayi tsohon zance, ya sake ni in yi magana. Ya ce a'a. Na yi masa ihu, na ce wane irin taurin kai ne wannan, ana zaginka a kasuwa kana ba albasa ruwa?

Ya ce, "In ka faɗa, Gudiya za ta san an gaya wa ɗanta ya ƙi ji. Abin da ya rage mata ke nan, yaro mai biyayya da anka cuta. Gara ta ji haushina da ta ji nashi."

Su kuwa shidan nan, Allah ya ba su rai da lafiya da 'ya'ya, wasu har jikoki. Ɗaya yanzu shi ke limanci a tungar. Shekara ashirin da biyu suna zaune ana zagin mutumin nan a gabansu, rantsuwa ta zame musu wurin ɓuya, ko kwaryar fura babu wanda ya taɓa aika masa. Ranar Juma'a dai sun zo, su shida, da furfurarsu. Su suka ɗauki makara. Na dube su na ce a raina, dakon da Tamu ya hana ku yau kun yi shi, kuma ko nisa babu.

Da muka dawo daga maƙabarta na tarar da Gudiya a tsakar gida. Jikan maƙwabta ya kawo ta a kan jaki, ta tsufa, ido ya tafi. Ba ta yi kuka ba, ta ce ta zo ne don kada a ce ba ta zo ba. Na tsuguna gabanta na gaya mata komai, tun daga goron tafinta har igiya, ban rage laifina ko ƙwaya ɗaya ba. Shidan suna tsaye a zaure suna ji, babu wanda ya musa.

Ta juyo da fuskarta wajen muryata. Sannan ta ce, "Surajo, shi Magaji, ya gaya mishi ya faɗi?"

Na ce, "Sau uku, Inna. Na ukun da nononki ya roƙe shi."

Ta laluba tabarma ta dafa da hannu biyu. Ta ce a kai ta kabarin. Aka ce mata ai mata ba su zuwa, kuma rana ta yi zafi. Ta ce to a fito mata da jakarsa. Aka fito da ita, ita ce dai wadda ta ajiye a ƙofar gida, ta rungume ta a cinya tana shafa bakinta, tana kiran sunansa na yarinta wanda ni ma ban taɓa ji ba.